Ƙanƙara, Sinadari ko Takarda: Wanne Zai Kai Maka Samfur Ɗakin Gwaji Bai Lalace Ba?

Duk wanda aka taɓa ɗora wa nauyin tura samfurin majiyyaci daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa babban ɗakin gwaji ya san wannan tsaka-mai-wuya. Kuɗin da ke hannu ba su taka kara sun karya ba, masu ba da shawara kuma sun yi yawa. Wannan ya ce a sayi firiza, wancan ya ce a nemo busasshiyar ƙanƙara, wani kuma ya ce ai yanzu an daina wannan wahala, akwai ruwan da ake tsoma samfur a ciki a aika ko a aljihu ne. Ga hanya da nisa. Daga Sakkwato ko Maiduguri zuwa ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, da ke Gaduwa a Abuja yini ne cur, in mota ba ta ba da matsala ba. Daga Damagaram zuwa cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai kusan kilomita 900 ne. Sanƙarau kuma ya fi ƙamari a Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Na ga samfuran da zafi ya ɓata, na kuma ga waɗanda ƙanƙara ta ɓata, kuma na biyun sun fi ci mini rai. A bazarar 2017, lokacin da sanƙarau nau'in C ya addabi Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, mun ɗebi ruwan ƙashin bayan yara huɗu a wani asibiti, muka zuba yadda ya kamata a kwalaben T-I, masu riƙe ƙwayar sanƙarau da rai, muka ɗaure a kwali muka ba direba. Bawan Allah ya ga rana ta take, tausayin kayan ya kama shi. Ya tsaya a hanya ya sayi ƙanƙarar leda wurin masu zoɓo, ya jera kwalaben a kai cikin kularsa, ya isa yana jiran a yaba masa. Da aka shuka su a ɗakin gwaji, ko ɗaya ba ta tsiro ba, sanyin ya kashe ƙwayoyin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, amma laifin namu ne, da ba mu rubuta "Kada a sa a sanyi" da Hausa, baro-baro, a jikin kwalin ba.

Ma'aunan da za ka auna kowace hanya da su

Na farko, wanda sauran duk ke bayansa: ɗakin gwajin da za ka aika wa, ƙwayar cutar suke so da ranta, ko shaidar cewa tana nan? Manomi ya san bambancin hatsin iri da na tuwo. Na tuwo ko an surfe shi an niƙa, kowa zai gane gero ne. Na iri kuwa sai da ransa, in ya mutu a rumbu an yi asara ko da idonsa na nan garau. Idan za a shuka ƙwayar a faranti don a ga maganin da ke kashe ta da wanda ta daina ji, ko za a raini bairos a cikin ƙwayoyin halitta kamar yadda ake yi wa shan inna, iri ake nema. Idan PCR za a yi, wato gwajin da ke neman DNA ko RNA, sinadaran gadon ƙwayar, ko neman alamun garkuwar jiki a jini, mushen ƙwayar ma ya isa, muddin DNA ko RNA ko furotin ɗin bai rugurguje ba.

Na biyu juriya: awa nawa ko kwana nawa hanyar za ta riƙe samfur, kuma a wane zafi. A nan ka yi hattara da takardun kamfanoni. In sun rubuta "zafin ɗaki", yawanci digiri 15 zuwa 25 ko 30 suke nufi. Ɗakin ajiyar magani mai rufin kwano a Nguru cikin watan Afrilu bai shiga wannan lissafi ba.

Na uku kuɗi, kuma kuɗi iri biyu ne: na saye rana ɗaya, da wanda zai riƙa cin ka kullum, kamar man janareta, gyara, da kayan da wa'adinsu ke ƙarewa a kan kanta. Na huɗu sauƙi: ma'aikacin da ke aikin dare shi kaɗai zai iya yi daidai ba tare da ya kira kowa ba? Na biyar haɗari, ga samfurin da kuma ga mutanen da za su taɓa shi, tun daga mai ɗiba har ɗan acaɓan da zai kai tasha.

Kula da ƙullin ƙanƙara, digiri 2 zuwa 8

Wannan ita ce jakin aikin, kuma kusan kowane asibiti yana da ita saboda harkar rigakafi. Ba ta kashe yawancin bairos, tana rage saurin ruɓewa, tana kuma hana ƙwayoyin da ba su ake nema ba su yaɗu su danne wadda ake nema.

Misalin da ya nuna abin da za ta iya shi ne binciken shan inna. Yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam, ana ɗibar bayan gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar, kowanne kamar gram 8 zuwa 10, kwatankwacin babban ɗan yatsa. Ana so ya isa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri cikin awa 72, da sauran ƙanƙara a kular ko ma'aunin zafi na nuna ƙasa da digiri 8. Da wannan kular ta roba aka tara shaidar da ta sa aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji ranar 25 ga Agusta, 2020. Don haka ba abin rainawa ba ce.

Kuɗinta na saye kaɗan ne, kuma tana shekaru in ba a fasa murfinta ba. Amma ƙullin ƙanƙarar sai an daskarar da shi, wato a bayan kular akwai firiza da wuta. Inda ba sola, a nan asirin ke tonuwa: mutum ya buɗe firiza ranar tafiya ya tarar da ƙullayen sun zama ruwan ɗumi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe ƙullaye ninki biyu na abin da kular ke ci, rabi na cikin firiza kullum. Ƙaramar kula ta rataye tana riƙe sanyi yini ɗaya zuwa biyu idan ba a buɗe ta, babban akwatin sanyi kuma kwanaki. Kowace buɗewa tana rage wannan, kuma a shingayen hanya akwai masu son leƙawa, shi ya sa takardar rakiya mai hatimi take da amfani.

Haɗarinta biyu ne. Ƙullin da ya fito daga firiza kai tsaye sanyinsa ya yi ƙasa da sifili sosai. In ka jingina kwalbar jinin da ba a tace ba a jikinsa, jinin zai daskare, jajayen ƙwayoyin su fashe, ruwan ya yi ja, a mayar maka da shi. Ka bar ƙullin a kan tebur har ya fara gumi, ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki, sannan ka sa kwali ko soso tsakaninsa da samfurin. Na biyu, kular da ta ɗauki samfur ta bar ɗaukar allurar rigakafi. A yi mata alama da fenti, haka firjin.

Daskarewa: firiza, busasshiyar ƙanƙara da ruwan naitrojin

A nan ne aka fi kashe kuɗi a banza. Firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifili tana da kyau ga ruwan jinin da aka riga aka tace, irin wanda za a nemi alamun ƙyanda ko cutar shawara a cikinsa. Amma ga bairos da ake so da rai, irin na mura, ta fi firji ɓarna. Mafi munin su ita ce firizar zamani mai narkar da ƙanƙararta da kanta, domin tana ɗumama tana sake daskarewa a kai a kai, kuma kowane zagaye yana ragargaza ƙwayar da RNA ɗinta. Wutarmu ma aikin da take yi ke nan: a ɗauke da asuba, a kawo da la'asar, samfur ya narke ya sake ƙanƙarewa ba wanda ya sani. Akwai dabara mai arha. Ka daskarar da ruwa rabin ƙaramar kwalba, ka ɗora tsabar kuɗi a kan ƙanƙarar, ka bar ta a firizar. Ranar da ka ga tsabar ta nutse, an yi narkewa a bayan idonka.

Firiza mai digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili ita ce ta ajiyar shekaru. A ciki ake adana bakteriyar da aka riga aka tsirar, a gauraye da giliserol kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, da bairos da ake so a koma kansu wata rana. Sai dai tana da tsadar saye, tana shan wuta kamar raƙumi ya samu rijiya, tana son ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kuma in ta lalace mai gyaranta ba a kowace jiha yake ba. Na taɓa ganin irinta an kawo kyauta an ajiye a baranda, shekara biyu ba a kunna ba, daga ƙarshe fayil-fayil aka riƙa jerawa a kanta. Kayan babban asibitin koyarwa ce ko cibiyar bincike.

Busasshiyar ƙanƙara iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78.5 ƙasa da sifili. Ita ke ba ka damar tafiya da samfurin da ya riga ya daskare ba tare da ya narke ba. Ba ta zama ruwa, tururi take zama ta gudu, kuma a akwati mai kyau ma tana raguwa da kilo 2 zuwa 4 ko fiye a yini. Ba a ajiye ta sai an buƙata, ba a kuma samunta sai a manyan birane, don haka kafin ta iso ƙauye rabinta ya tafi. Tana ƙona hannu. In aka toshe ta a mazubin da iska ba ta fita, mazubin zai iya tarwatsewa. A mota mai rufaffen gilashi tana iya sa direba jiri har ya suma. In murfin kwalbar samfur bai ɗauru ba, iskar tana shiga ta tsamar da ruwan. Jirgin sama ma yana ɗaukarta a matsayin kaya mai haɗari, da lambarta UN1845.

Ruwan naitrojin ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Akwai tulun tafiya da bangonsa ke shanye ruwan, ya riƙe sanyi mako ɗaya zuwa uku ba tare da abin da zai zube ba. Masu binciken da ke shiga daji na makonni suna ƙaunarsa. Ga mai aikin sa ido kan cututtuka a ƙaramar hukuma, ya fi ƙarfin buƙata da aljihu.

Sinadaran da ke riƙe ƙwaya da rai

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake samun riba mai yawa da kuɗi kaɗan, nan ne kuma ake yawan rikicewa, saboda kowane sinadari da dokarsa.

Cary-Blair, wanda aka fito da shi a 1964, wani abu ne mai kauri kamar kamun koko a cikin bututu. Ba shi da abincin kirki, da gangan, don kada ƙwayoyin su yaɗu, su dai zauna da rai. Shi ne na kwalara. Ka tsoma tsinke a gudawar, ka cusa shi har ƙasan bututun, ka karya saman tsinken da hannunka ya taɓa, ka ɗaure murfi. Ƙwayar kwalara za ta kai kamar mako a ciki ba firji, a inuwa, kuma ba ta son sanyi, daskarewa ma kashe ta take yi. Abin da ya fi ɓata samfurin kwalara tun kafin ya shiga bututu yake faruwa. Bokitin da ke ƙarƙashin gadon majiyyaci a sansanin kwalara akwai kulorin a cikinsa, wanda ya ɗiba daga nan gawa ya ɗiba. A tara a mazubi mai tsabta, kuma kafin a ba majiyyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan Cary-Blair ya ƙare, ƙaramar takardar tacewa da aka tsoma a gudawar, aka sa a kwalba mai murfin murɗawa da ɗigo biyu ko uku na ruwan gishirin asibiti don kada ta bushe, tana yin aikin. Sai dai in atini mai jini kake zargi, ƙwayar Shigella raguwa ce, ko a cikin Cary-Blair tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Bututu ɗaya, doka biyu.

T-I kwalba ce mai murfin roba, rabinta daskararren abinci a karkace, rabi ruwa mai launin ɗorawa garai-garai. An yi ta ne don manyan bakteriya uku masu kawo sanƙarau, waɗanda in an bar su a ruwan ƙashin baya zalla, bayan awa ɗaya sun fara mutuwa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kafin a yi amfani da ita a firji take zama, bayan an zuba samfur kuma firji ya haramta gare ta. Ka fito da ita ta huce ta kai ɗumin ɗaki. Ka duba ruwan, in ya yi gurɓi ko launinsa ya sauya, ka jefar. Ka goge robar da sifirit mai kashi 70, ka bari ta bushe, ka tsira allura ka zuba rabin mililita zuwa ɗaya. In ba za ta isa ɗakin gwaji cikin awa 24 ba, sai a soka mata babbar allura da aka toshe bayanta da auduga mai tsabta don ta sha iska, allurar kada ta taɓa ruwan, a cire ta kafin tafiya. Ragowar ruwan ƙashin bayan kuma a zuba a ƙaramin bututu na daban don PCR, shi wannan a kula mai sanyi zai tafi. Majiyyaci ɗaya, kwali biyu, ɗaya da ƙanƙara ɗaya babu. Da mun yi wa direbanmu wannan bayani da baki, da yaran nan huɗu sun sami sakamako.

Amies, musamman mai gawayi, shi ne na tsinken maƙogwaro, kuma wanda ya yi aiki a Kano lokacin mashaƙon 2023 ya san shi sarai. Ana so ya isa cikin yini ɗaya zuwa biyu. VTM kuwa, ruwan nan mai launin hoda da korona ta sa kowa ya sani, ba ya tsayawa da ƙafarsa. Yana kare bairos, yana ɗauke da magungunan hana bakteriya da fumfuna yaɗuwa, amma dole ya tafi cikin kula, kuma bayan kamar awa 72 sai daskarewa mai zurfi. Tsinkensa na roba ne mai kan zare irin Dacron, domin tsinken itace na iya hana PCR aiki. Kuma kada a sa tsinken da za a shuka bakteriya a cikin VTM, maganin da ke ciki zai kashe ta.

Ga kakin tarin fuka akwai CPC, da ake zubawa daidai yawan kakin. Yana kashe sauran ƙwayoyin baki ya bar ta tibi, ya riƙe ta kamar mako. Shi ma ba ya shiga firji, domin ƙanƙarewa yake yi ya zama ƙyalƙyali, kuma bai dace da shuka a ruwa irin ta injin MGIT ba. Ka tambayi masu karɓa, ko cibiyar tarin fuka ta Saye a Zariya ce ko wata, wace shuka za su yi. In PCR kawai za a yi a injin GeneXpert, kaki zalla yana jure kwana 3 muddin zafi bai wuce digiri 35 ba, a firji kuma har kwana 10. Ka lura da 35 ɗin nan, a bazara mun wuce ta tun hantsi.

Kuɗin waɗannan sinadarai a kan kowane samfur kaɗan ne. Ciwonsu wa'adi: ka tara da yawa su lalace a kanta, ka tara kaɗan annoba ta zo ta same ka hannu rabbana.

Ruwan da ke kashe ƙwaya ya adana shaidarta

Irin su PrimeStore MTM, eNAT da DNA/RNA Shield suna ɗauke da gishirin guwanidin, wanda ke fasa ƙwayar nan take, ya kuma kashe sinadaran da ke cinye RNA. Samfurin yana kwanaki, wasu ma makonni, ba ƙanƙara, gwargwadon abin da kamfanin ya tabbatar. Ga wanda ke nesa da wuta, kuma PCR kawai ake nema, ban san abin da ya fi shi sauƙi ba: tsoma, karya tsinke, ɗaure. Ya kuma rage fargabar direba da mai buɗe kwali.

Ya fi VTM tsada a kowane bututu, kuma daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Amma in ka lissafa ƙanƙara da man janareta da samfuran da ake mayarwa, tazarar tana raguwa. Asararsa ita ce ba shuka. Ba za a san maganin da ƙwayar ke ji ta hanyar faranti ba, ba za a ajiye irinta ba. Ba kowane injin PCR ne kuma ya yarda da shi ba.

Akwai haɗari ɗaya da nake so kowa ya riƙe. Guwanidin in ya haɗu da bilic yana iya fitar da iskar sayanayid mai kisa, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2020. Mu kuwa al'adarmu a ɗakin gwaji, duk abin da aka gama da shi a jefa a bokitin bilic. In za ka shigo da wannan ruwa, ka fara da sauya wannan al'ada, har mai shara ya sani. Kuma kalmar "ya kashe" kada ta sa ka cire safar hannu.

Busarwa a takarda

Dabarar kilishi ce: ka cire ruwa, ruɓa ta tsaya. Tun farkon shekarun 1960 Robert Guthrie ya fara ɗiga jinin jarirai a takarda, yau kuma katin DBS, wato na busasshen ɗigon jini, irin Whatman 903 mai da'ira biyar, shi ne ƙashin bayan gwajin HIV na jarirai 'yan mako shida a yankunan karkara. Ana tsira dunduniya ko yatsa, a cika kowace da'ira da ɗigo har ya ratsa bayan takardar, kada a ɗiga wani a kan wani. A shimfiɗa katin a kan maratayi aƙalla awa 3 zuwa 4, a inuwa, ba rana, ba fanka mai zafi, ba a ɗora kati kan kati. Sannan a sa a leda mai zif da ƙullin shan danshi da ɗan katin da ke sauya launi daga shuɗi zuwa hoda in danshi ya shiga.

A hunturu bushewa ba wuya, ƙura da ƙudaje ne abokan gaba. A Agusta kuwa katin zai yi kamar ya bushe alhali da saura, in ka yi gaggawar rufe shi a leda, fumfuna za ta same shi kafin Abuja ta same shi. Da damina na fi son a bar shi ya kwana.

Ba abin da ya kai shi arha, a saye da kuma a aikawa. Kati hamsin sun shiga ambulan ɗaya, kuma dokokin jiragen sama ba su sa busasshen ɗigon jini cikin kaya masu haɗari ba. Yana makonni biyu ko kusa da haka ba firji in ya bushe sosai. Raunin sa jinin kaɗan ne, don haka in bairos ya yi ƙaranci a jiki, ruwan jinin da aka tace ya fi shi gani. Shuka babu. Sannan bushewa ba kisa ba ce, bairos na ciwon hanta nau'in B yana kai mako da rai a busasshen jini. Katin FTA ya bambanta, shi an jiƙa shi da sinadarin fasa ƙwaya, ya kuma fi tsada.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Ƙwaya na isa da rai? | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kula da ƙullin ƙanƙara | E, ga yawanci | Kaɗan, amma sai da firiza | Yini 1 zuwa 3 | Mai sauƙi | Daskarar da jini, kashe sanƙarau da kwalara |
| Firiza ta −20 | Ba a dogara da ita | Matsakaici | Watanni ga ruwan jini | Mai sauƙi | Narkewa da sake daskarewa |
| Firiza ta −70 ko −80 | E | Mai yawa sosai | Shekaru | Sai ƙwararru | Ɗauke wuta, rashin mai gyara |
| Busasshiyar ƙanƙara | E | Mai yawa a kowace tafiya | Gwargwadon kilo | Sai horo | Ƙuna, shaƙewa, fashewar mazubi |
| Cary-Blair, T-I, Amies, CPC | E | Kaɗan | Yini 1 zuwa mako | Sai an san dokar kowanne | Rikita dokoki, ƙarewar wa'adi |
| VTM | E, in da sanyi | Matsakaici | Awa 72 a kula | Mai sauƙi | Yankewar sanyi |
| Ruwan guwanidin | A'a | Matsakaici zuwa mai yawa | Kwanaki zuwa makonni | Mafi sauƙi | Haɗuwa da bilic |
| Katin DBS | Ba ta shukuwa, amma wata na iya saura da rai | Mafi arha | Kusan mako 2 | Sai an iya ɗigawa | Danshi, ƙarancin jini |

Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne ɗauri hawa uku, kowace hanya ka bi. Kwalbar samfur mai murfin da ba ya yoyo, a naɗe ta da abin da zai shanye duk ruwan in ta fashe, a sa a mazubi na biyu da shi ma ba ya yoyo, sannan kwali ko kula mai ƙwari. Takardun bayani a leda ta daban, tsakanin hawa na biyu da na uku, ba a naɗe a jikin kwalbar ba. Yawancin samfuranmu rukunin B ne, lambarsu UN3373. Jinin wanda ake zargi da Lassa ko Ebola rukunin A ne, UN2814, da mazubinsa na musamman.

Wanne ga wa

In kana ƙaramin asibitin da wuta sai ta ga dama, kuɗinka kuma na abu ɗaya ne, ni ba firizar −80 zan ce ka nema ba. Ka samu firiza mai sola don ƙullaye, kula biyu da aka ware wa samfura, ma'aunin zafi, da 'yan bututun Cary-Blair da katin DBS da ƙullin shan danshi. T-I ka nema daga jiha tun Nuwamba, kafin iskar hunturu ta kankama.

In gudawa ce kamar ruwan shinkafa ta ɓarke, Cary-Blair a inuwa, ba ƙanƙara, kuma samfura kaɗan masu kyau daga sababbin majiyyata sun fi buhu guda daga bokiti. In da jini a gudawar, bututun ya shiga kula.

In wuya ne ya sanƙare, raba ruwan biyu, T-I a ɗumi, bututun PCR a sanyi. In T-I babu, kada ka fasa, aika na PCR ɗin kaɗai, zai faɗi nau'in ƙwayar, kuma da wannan ake yanke shawarar rigakafin da za a kawo.

Ƙafar yaro ta saki, ko ƙuraje da zazzaɓi irin na ƙyanda, kula ce. Jinin ƙyanda a tace shi kafin tafiya, ko da injin juya jini babu, a bar shi ya yi gudaji da kansa, ba a firiza ba, ruwan ya taso a tsotse.

Jaririn uwa mai HIV, DBS. Auna yawan bairos ga babba, ruwan jini in kana da injin juyawa da kula kuma hanya gajeriya ce, DBS in babu.

Tsinken hanci don PCR daga wuri mai nisan kwana biyu ko uku, ruwan guwanidin, bayan ka tabbatar injinsu ya karɓe shi. In masu binciken suna son rainon bairos ɗin, VTM da kula, ko busasshiyar ƙanƙara in su za su kawo ta.

In kuwa Lassa kake zargi, kada ka yanke shawara kai kaɗai, kada ka juya jinin a injinka, kada ka ba motar haya a tasha. Ka kira jami'in sa ido na ƙaramar hukuma da na jiha, su za su faɗi inda za a kai, Gaduwa ko Irrua a jihar Edo ko wani ɗakin da aka amince da shi, da wanda zai ɗauka. Ko samfurin ba na Lassa ba ne ma, ka buga waya kafin mota ta tashi, musamman ranar Alhamis da Juma'a, ka ji wa zai karɓa da sunansa da lambarsa, don kada kularka ta yi Asabar da Lahadi a ɗakin maigadi.